Baƙo daga Duwala ya ce a kai shi inda za a ci a sha: wurin gayu ko bakin titin Yelwa?

Duk wanda yake harkar albasa ko gyaɗa ko wake tsakanin Garwa da Duwala a ƙasar Kamaru ya san wannan sa'ar. An gama lodi, an ƙirga buhuna, direba ya ɗaure tamfol, kai kuma ka dawo daga sallar magariba, sai baƙon da ya taso tun daga kudu ya miƙe ya kakkaɓe wandonsa ya ce, "To Alaji, yau ina za mu zauna?" Kai ma ka san inda ya dosa. Yana son wurin da zai ci abu mai zafi, ya sha abu mai sanyi, ya ga yadda garin yake da dare. Abu mai sanyin nan kuwa, in dai baƙon irin nawa ne, giya ce.

Ni ba na sha, ban taɓa sha ba. A Hausare, unguwar Hausawa ta Garwa, aka yanke mini cibiya, a nan kuma nake fatan a yi mini sutura. Amma yawancin masu sayen kayana Kiristoci ne 'yan kudu, kuma duk ranar da na sauka Duwala ba sa barina in ci abinci ni kaɗai. Akwai wanda ya taɓa ɗaukata a motarsa cikin ruwan sama har New Bell, don kawai ya kai ni inda 'yan'uwanmu Hausawa ke yanka da hannunsu. Mutumin da ya yi maka haka, in ya zo garinku ba za ka nuna masa ƙofar masauki da yatsa ka ce sai da safe ba. Dole ce ta sa na san wuraren nan, kuma na ga ƙannena da suka shigo kasuwar kwanan nan suna faɗawa ramin da na taɓa faɗawa, shi ya sa na ce bari in baje musu abin a faifai.

Hanyar da ke gabanka biyu ce. Akwai wuraren gayu, waɗanda suka ƙaru a garin tun lokacin shirin gasar cin kofin Afirka da aka buga a farkon 2022, wadda Garwa na cikin garuruwan da suka karɓi baƙuncinta. Wasu a cikin otal suke, wasu gini ne mai zaman kansa: ƙofar gilashi mai duhu, mai gadi cikin baƙar riga, kujerun kushin, fitilu shuɗɗa da jajaye, manyan talabijin a bango, ga na'urar sanyi da muke ce wa kilim tana ta huci. 'Yan kudu "sinak" suke kiran irin wannan wuri. Sai kuma mashayar fili, irin waɗanda unguwar Yelwa ta yi suna a kansu: kujerun roba a bakin titi, rumfar kwano, firji biyu ko uku a cikin ɗaki, lasifika a ƙofa, sai mata masu gasa kifi sun jera murhunsu a gefe, hayaƙi na tashi.

Abin da ya kamata ka fara sani, ko da kai ba mashayi ba ne, shi ne kwalbar da ake ajiyewa a teburin nan da wadda ake ajiyewa a teburin can uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Babban kamfanin giya na ƙasar, wanda aka kafa tun 1948, kowa ke ce masa Brasseries duk da yanzu ya koma Boissons du Cameroun, yana da masana'anta a nan Garwa. "33" Export, Castel, Beaufort, Mützig, duk daga wurinsa suke fitowa, haka lemon Top da ruwan Tangui da kai za ka sha. Babbar kwalba santilita 65 ce ko'ina. Mota ɗaya ce take sauke akwatuna a ƙofar wurin gayu da safe, ta wuce ta sauke a Yelwa. To amma a Yelwa kwalbar ba ta kai sefa 1,000 ba, a wurin gayu kuwa ka shirya ganin 1,500 ko 2,000, wani wurin ma ƙaramar kwalba za su kawo a wannan kuɗin, sun naɗe mata wuya da farar takarda kamar jaririyar da za a kai suna. Shi baƙon da ya saba da Duwala ba zai yi mamaki ba, ya san cewa kujerar yake saye da sanyin ɗakin. Kai da za ka ga takardar kuɗi a ƙarshe, kai ne za ka riƙe baki.

Kuma ba zalunci ba ne tsagwaronsa. Mai wurin gayu yana biyan wutar kilim, yana sayen man janareta, yana biyan masu gadi da masu kai abinci, kuma in wurin mai rajista ne akwai harajin sayen kaya da ake ce wa TVA na kashi 19.25 cikin 100 a cikin farashin. Mai rumfar kwano ba ya ɗauke da rabin wannan kaya.

Sanyin kuwa, kada ka raina shi. Wanda bai taɓa yin Afrilu a Garwa ba bai san abin da ake ce wa zafi ba. Daga Maris zuwa Mayu rana takan wuce digiri 40, kuma in dare ya yi bango da kwalta sai su fara mayar da abin da suka sha tun safe. Mutumin Duwala ya saba da gumi, amma bai saba da busasshiyar iskar da ke ƙona hanci ba. A watannin nan, in ka zaunar da shi a bakin titi, kafin ya kai rabin kwalba ta zama ruwan wanka, shi kuma ya fara fifita da hularsa yana tambayarka yadda kuke rayuwa a nan. A irin wannan lokaci wurin gayu ya ci kuɗinsa. Amma daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, lokacin hunturu, lissafin juyawa yake yi. Daren Garwa a hunturu ba shi da na biyu, iska mai daɗi, ba sauro sosai, mutane sun fito da rigunan sanyi. Shiga ɗakin kilim a wannan lokaci kamar sayen ruwa ne a bakin Binuwai. Damina kuwa tata matsalar daban: hadari ya taso a Agusta, kowa ya kwashi kujerarsa da farantinsa ya cusa cikin rumfa ɗaya, ga sauro kamar an aiko su.

A wajen abinci ne na fi daɗewa ina auna su, domin shi ne abin da ni ma nake sa wa hannu. Kuma a nan ba na ɓoye ra'ayina: mai gasa kifi ta bakin titi ta fi ɗakin girkin yawancin wuraren gayu, fintinkau. Kifin Garwa daga Binuwai yake zuwa, da kuma tafkin Lagdo, madatsar da aka kammala a 1982, tafiyar kamar awa ɗaya kudu da gari. Karfasa, tarwaɗa, da sarkinsu giwan ruwa, wanda masu Faransanci ke ce wa kapiten. A bakin titi kifin yana kwance ɗanye a cikin tire ko kwanon roba, an tsattsaga masa gefe, kai za ka zaɓa da idonka. Ka ɗaga kumatunsa ka ga ciki ja ne, ka danna jikinsa da yatsa ka ga ya dawo, ka duba idon bai dushe ba. Ku yi ciniki tun yana ɗanye, wannan muhimmi ne, domin in ya hau wuta ya sauko babu sauran magana. Sai ta ɗauko ɗan buroshi ta shafa masa haɗinta, citta da tafarnuwa da albasa da kayan ƙamshin kudu irin su njansan da pebe, duk an niƙa su da mai, ta ɗora a kan waya bisa gawayi tana fifita da guntun kwali. Duk juyi sai ta sake shafawa. Fatar ta ɗan ƙone a baki-baki, cikin kuma fari tas yana turiri. Za a kawo da ɗanyar albasa a bisa, da jan yaji a gefe, da soyayyar agada ko sandar rogo wadda 'yan kudu ke ce wa bobolo, sai yarinya ta biyo da roba da ruwa da guntun sabulu ku wanke hannu. Karfasa mai kyau da za ta ishi mutum ɗaya, da sefa 2,000 zuwa 3,000 an gama magana.

Wannan kifin dai, a wurin gayu, zai zo a kan dogon farin faranti da yankan tumatir da lemon tsami a gefe, da cokali da wuƙa, kuɗinsa ya ninka. Ba ka ga lokacin da yake ɗanye ba, ba ka san kwana nawa ya yi a firji ba, kuma a garin da wuta ke ɗaukewa, musamman a ƙarshen rani in ruwan Lagdo ya ja baya, kwanan kifi a firji ba ƙaramar tambaya ba ce. Na sha cin mai kyau, na kuma taɓa cin wanda ya sa ni kwana ina zirga-zirga da buta.

Inda wurin gayu ya fi shi ne yawan zaɓi. In baƙonka ya yi kwana huɗu a arewa ya gaji da tuwo da miyar yakuwa, ya fara kewar gida, a nan ne zai samu ndole, wato miyar shuwaka da niƙaƙƙiyar gyaɗa wadda ita ce abincin alfahari na mutanen Duwala, ko kazar da suke ce wa "pule DG", soyayyar kaza da agada da karas da koren wake a haɗe, wadda sunanta ma daga babban darakta aka ɗauko shi, don da can abincin manya ce. Akwai kuma irin abincin Turawa, dankalin Turawa soyayye, shawarma, fiza. Sai dai ka sani, ndolen arewa a wurin mutumin Duwala kamar kilishin Duwala ne a wurinka: zai ci, zai yi godiya, a zuciyarsa kuma yana dariya. Ni da na lura, baƙin da suka fi komawa gida suna ba da labari su ne waɗanda aka ba su giwan ruwa da tsire, abin da ba za su samu irinsa a can ba.

Ga Musulmi akwai wata tambayar da ta wuce daɗi. A Garwa naman shanu da na awaki ba abin damuwa ba ne sosai, mahautan garin yawanci namu ne. Abin dubawa shi ne alade. A Yelwa ana gasa shi, ba a ɓoye ba, amma galibi mai alade daban, mai kifi daban, kuma murhun yana gabanka, kana ganin abin da ke kansa. In ka ga an haɗa su a waya ɗaya ka matsa gaba, masu kifi ba su ƙare ba. A wurin gayu kuwa ɗakin girkin yana bayan ƙofa. Ka tambaya ko akwai jambo a cikin fiza, domin naman alade ne aka yanka siri-siri. Ka tambaya ko an zuba giyar inabi a cikin miya, domin masu girkin da suka koyi na Faransa sukan yi haka ba tare da sun ɗauke shi wani abu ba. Kada ka ji kunyar tambaya. Yawancin masu kai abincin 'yan nan ne, suna jin Fulatanci, wasu ma Hausa, kuma in ka yi musu magana da mutunci za su gaya maka gaskiya har su nuna maka abin da ya fi dacewa da kai.

Sai maganar hayaniya, kuma a nan ne na taɓa shan kunya. Wani babban abokin cinikina ya zo, muna da maganar bashin buhuna da muka yi wata uku muna ja ta waya. Na ce bari in burge shi, na kai shi wani wurin gayu da ba zan kama suna ba, ranar Asabar, wajen ƙarfe goma na dare. Mun shiga ke nan aka ƙure kiɗa, makosa ya tafi, bikutsi ya zo, na Abijan ya biyo, ƙasa har rawa take yi. Ina magana yana kallon bakina yana gyaɗa kai, shi ma yana magana ina gyaɗa kai, ba wanda ya ji ɗan'uwansa. Muka yi odar kaza, aka ce minti ashirin. Wajen minti arba'in wuta ta ɗauke, janareta ya yi tari sau uku kafin ya kama, kilim bai dawo da ƙarfinsa ba, ɗakin da ba taga ya zama tanda. Kazar ta iso bayan awa ɗaya da kwata. Maganar bashi kuwa washegari muka yi ta a kan benci, a wurin mai shayi, cikin minti goma sha biyar.

Daga ranar na gane cewa wurin gayu gida biyu ne a cikin gini ɗaya. Daga bayan magariba zuwa wajen ƙarfe tara gidan abinci ne: kiɗa ƙasa-ƙasa, tebura rabi babu kowa, za ku iya buɗe littafin lissafi ku yi magana kamar a ofis. Daga goma zuwa sama, musamman Juma'a da Asabar, ya zama gidan rawa, samari da 'yanmata sun cika shi, wani wurin har ka ji ƙamshin shisha duk da gwamnati ta hana ta a mashaya tun 2022. Dokar 1990 da ta tsara wuraren shaye-shaye ta ce a rufe ƙarfe 12 na dare, amma kowa ya san akwai inda a lokacin ne ma ake fara ɗumi. In maganar kuɗi ce ta kai ku, ku shiga da wuri ku fita da wuri. Yelwa ita ma ba shiru gare ta ba, kowace rumfa da lasifikarta, ga moto, wato babura, suna wucewa, sai dai a fili kana iya jan kujera ka yi nesa da lasifika, abin da ba ka iyawa a cikin ɗaki. Amma ba zan ƙirga kuɗi ko in fito da takardun ciniki a bakin titi ba, ko waya ma ba na ajiye ta a kan tebur.

Yanzu ga abin da ɗan kudu ba zai taɓa lissafa maka ba, domin shi bai shafe shi ba: idon gari. Garwa babban gari ne, amma ga ɗan Hausare ƙauye ce. A Yelwa kana zaune a fili, duk mai moto da ya wuce ya gan ka, kuma cikin masu moto goma akwai wanda ya san mahaifinka. Ba zai tsaya ya duba abin da ke cikin kofinka ba. Wurin gayu yana da gilashi mai duhu, yana rufa asiri, sai dai bai rufa wa motarka ba. Washegarin daren kazar nan, bayan sallar asuba, Kawu ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci bai saki ba har mutane suka watse.

"Ɗana, jiya motarka ta kwana lafiya?"

"Lafiya lau, Kawu."

"An ce an gan ta a wani wuri, ita kaɗai, tana jiran mai ita har sha ɗaya da rabi."

Na sunkuyar da kai na ce, "Kawu, baƙo na kai. Wallahi lemo kawai na sha."

"Na sani. Ni ban ce ka sha wani abu ba. Amma wanda ya gaya mini bai shiga ciki ba, mota ya gani. Kuma zama da maɗaukin kanwa ka san abin da yake kawowa."

Tun daga nan, in zan je irin wurin nan, moto nake hawa, kuma na fi zaɓar wanda yake cikin otal, domin wanda aka gani yana shiga otal da baƙo, an san baƙo ya raka. Wata dabarar kuma da na koya da tsada: kada ka sha Malta a irin waɗannan wurare. Ba giya a cikinta, kowa ya sani, amma kwalbarta baƙa ce, daga nesa da dare ba mai rantsuwa a kanta. Ka ce a kawo maka Top ja, ko ruwan gora, abin da ko daga tsallaken titi za a shaida.

Duk wannan maganar mutane ce. Akwai ta Allah, kuma ba zan yi kamar ban san ta ba. Malamanmu ba su ɓoye mana ba: akwai hadisin da ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya, akwai kuma wanda ya haɗa mai sayenta da mai ɗaukarta da mai zuba ta a cikin laifin. Ni ba malami ba ne, ba kuma zan ba kowa fatawa ba. Wanda ya ce shi ko ƙofar ba zai taka ba, ya fi ni, kuma ban ga kasuwarsa ta mutu saboda haka ba. Abin da na tsaya a kai shi ne kuɗina ba ya sayen giya. Wannan kuwa sai ka faɗa tun kafin ku zauna, kana dariya, domin a al'adar 'yan kudu mai masauki ne ke fara sayen zagaye, kowa a tebur a ajiye masa kwalba, daga nan wani ya karɓa. In ka yi shiru har takarda ta zo sannan ka fara rarrabewa, ka zama marowaci. In ka ce tun farko, "Abinci nawa ne duk abin da ka ci, abin sha kuwa tsakaninka da aljihunka," ban taɓa ganin wanda ya ji haushi ba, sun san Musulmi, suna zaune da su a can ma. A nan Yelwa ta fi sauƙi, domin dama kasuwa biyu ce: mai kifi daban take karɓar kuɗinta, mai mashaya daban. A wurin gayu takarda ɗaya suke kawowa, sai ka gaya wa mai kai abinci tun farko ta raba biyu.

Akwai ƙananan abubuwa da sukan yanke hukunci ba tare da an yi dogon tunani ba. In baƙuwa ce mace, ko baƙon ya zo da matarsa, wurin gayu ko na otal kawai, da wuri, ko don ban-ɗaki; na mashayar fili gara kada in siffanta shi. In kamfani ne ya aiko shi kuma zai koma ya nemi a biya shi abin da ya kashe, yana bukatar rasit mai hatimi, mai gasa kifi kuwa ba ta da hatimi sai na yaji a yatsa. Wurin gayu yakan karɓi Orange Money ko MTN MoMo ba gardama, a bakin titi ka riƙe canji, don takardar jaka goma guda, wato sefa 10,000, za ta sa yarinya ta zagaya rumfa biyar tana neman canji kifinku na hucewa. Kowa ya riƙe katin shaidarsa, ana tsayar da mutane da dare. In kuma baƙon ya ce yana son ya ɗanɗana bilbil, burkutun dawa da mata ke dafawa ana sha a ƙwarya a gidajen da ake ce wa kabare, wannan ba tafiyarka ba ce, ka nema masa ɗan rakiya.

Daren ƙwallo shi kaɗai ne na kasa raba musu gardama. Wurin gayu yana da babban allo da janareta, wuta ta ɗauke ba za ku rasa minti ko ɗaya ba in an yi sa'a. Amma ihun bakin titi daban ne. Garin nan garin ƙwallo ne, garin Coton Sport da ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka a 2008 ta sha kashi a hannun Al Ahly. Wanda yake nan a Janairun 2022, lokacin da Najeriya ta doke Masar da ci 1-0 a filin Roumdé Adjia, sannan Tunisiya ta zo ta fitar da ita da ci 1-0 a wannan filin dai, ya san cewa rabin daɗin da rabin baƙin cikin a titi aka yi su, kowa da kowa, mai sha da marar sha. In baƙonka mai son ƙwallo ne kuma hunturu ne, ka bar shi ya zauna a fili.

To wanne za ka zaɓa? In zafi ne, ko akwai maganar kuɗi, ko mace a cikin tafiyar, ko baƙon babban mutum ne da ya sauka ta filin jirgi ba ta motar Ngaundare ba, ka kai shi wurin gayu na cikin otal tsakanin bakwai da tara, ka ci abin da ka tambaya ka tabbatar, ka biya naka ka yi sallama kafin a ƙure kiɗa. In tsohon abokin ciniki ne da kuka saba, cikinsa ya kawo shi ba kwalliya ba, kifin bakin titi zai fi faranta masa, aljihunka ma ya huta, sai dai fuskarka ce za ta biya bambancin, kai ka san nauyinta a unguwarku.

Ni dai a 'yan shekarun nan raba daren nake yi gida biyu. Zuwan baƙona na ƙarshe, bayan la'asar na kai shi gadar Binuwai ya tsaya yana ɗaukar hoton dorina da waya kamar yaro. Na aiki yaro ya sayo giwan ruwa guda babba, aka gasa a gida, aka haɗa da tsire mai ƙuli da zoɓo mai sanyi, muka ci a zaure a kan tabarma, Kawu ma ya leƙo suka gaisa da guntun Faransancinsa. Maganar ciniki muka gama ta kafin a kira isha. Da na dawo daga masallaci, yaron da ke riƙe mini lissafi, Kirista ne ɗan Tupuri, ya riga ya tsayar da moto biyu a ƙofa. Na ce masa ya kai shi duk inda yake so, ya kuma tabbatar ya ga shigarsa masauki. Da safe ƙarfe bakwai muka yi za a fara lodi, sai wajen tara baƙon ya iso da baƙin tabarau, ya zauna a kan buhun albasa ya ce in aika a samo masa kindirmo mai sanyi.